Sunan Rembrandt a kusurwar zane ba shaida ba ce

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina zaune a ƙasar Holan. Wani dillali ya nuna mini zanen wani dattijo mai rawani a kan allon katako, da sunan Rembrandt, shahararren mai zanen nan na Holan, a kusurwa, har da takardar shaida. Na riga na ba da kafin alƙalami, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Na yi asara ke nan?

Amsa: Malam, kada ka ƙara ko sisi tukuna. Abin da ka kwatanta irin zanen da ake kira tronie ne, fuskar da ba wani attajiri ya biya aka zana masa ba, mai zane ne ya yi ta don gwada haske da tufafi, sannan ya kai kasuwa. Irinsu sun cika Leiden da Amsterdam a ƙarni na 17.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kullum shi ne yadda mutane ke ɗaukar sa hannu tamkar hukuncin alƙali. Rembrandt ya yi almajirai irin su Gerrit Dou da Govert Flinck da Ferdinand Bol, waɗanda aikinsu ke nan su kwaikwayi hannun malaminsu, kuma bayan rasuwarsa a 1669 dillalai sun yi ta liƙa sunansa a kan zanen da bai taɓa gani ba. Zanen wani mutum mai kwalkwalin zinariya da ke birnin Balin na Jamus ya shafe shekaru ana alfahari da shi a matsayin aikin Rembrandt, sai a 1985 aka tabbatar ba nasa ba ne. Takardar shaida kuwa ita ce mafi arha a cikin kayan yaudara. A 1937 Abraham Bredius, babban masani a zamaninsa, ya rantse cewa wani zane aikin Vermeer ne, wani shahararren mai zanen Holan na ƙarni na 17, alhali na jabu ne da Han van Meegeren ya ƙirƙira, wanda aka gurfanar a kotu a 1947. Idan Bredius ya ruɗu, ina ga takardar dillalinka?

Ka nemi tarihin hannayen da zanen ya bi, ka kai hotunansa RKD, cibiyar binciken tarihin zane-zane ta Holan da ke birnin Hague, a ƙirga zoben shekarun katakon don a san zamanin itacen, a kuma haska shi da na'urar ɗaukar hoton ƙashi. Kada ka bari kowa ya goge shi da ruwa ko sabulu kafin nan. Idan dillalin ya ƙi yarda da bincike, ka nemi kuɗinka a rubuce.