Kafin ka nuna wa abokinka yatsa

Ƙanena, ka ce ka bi layin da ke ɓata lissafin kuɗi a manhajar da muka yi wa mai shagon nan na Kejetia, umarnin git blame na Git, manhajar da ke ajiye tarihin duk canjin da muka yi wa aikin, ya nuna maka sunan abokin aikinka, kana tambaya ko za a dogara da shi ka tayar da maganar gobe. Dakata tukuna.

Git ba ya ƙarya, amma abin da aka shigar masa kaɗai ya sani. Blame yana nuna wanda ya taɓa layi a ƙarshe ne, ko da tazara kawai ya gyara, ko ya kwaso layin daga wani fayil. Ka manta a watan jiya na sa abokin aikin naka ya daidaita rubutun fayil ɗin gaba ɗaya? Shi ya sa sunansa ya hau kusan kowane layi. Ka sake dubawa da -w don ya tsallake canjin tazara, ka ƙara -M da -C don ya bi sawun layukan da aka kwaso. Tun Git 2.23 na 2019 ma akwai --ignore-rev, wanda za ka ce masa ya kau da kai daga komit ɗin shara irin wannan (komit shi ne canjin da aka ajiye a Git a lokaci guda). Ko a Linux, babbar manhajar nan da ke tafiyar da kwamfuta, haka abin yake: da Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a Afrilun 2005, komit guda ya zuba Linux 2.6.12-rc2 a ciki. Duk tsohon layin da ba a sake taɓawa ba, sunansa za ka gani, alhali aikin mutane ne masu ɗimbin yawa tun 1991.

Canza wa fayil suna kuwa, Git ba ya ajiye labarinsa sam. Hasashe yake yi: in sabon fayil ya yi kama da tsohon da kashi 50 cikin 100, sai ya ce shi ne. Ka canza suna ka kuma sake rubuta yawancinsa a komit ɗaya, tarihin ya yanke ke nan.

Kwanan wata ya fi ba ni tsoro. Daga agogon kwamfutar mai aikin ake ɗaukarsa. Tsohuwar kwamfutar da ke bayan shagonmu nan Aboabo, ƙaramin batirin agogonta ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta ta koma shekarun baya, kuma wanda ya yi komit a kanta kafin ya gyara agogon, haka zai zauna. Sannan kowane komit kwanan wata biyu gare shi, na rubutawa da na shigarwa, rebase (sake ɗora komit a kan wani sabon tushe) yana sabunta na biyun. Wata manhajar nazari na farkon take karantawa, wata na biyun, sai ka ga jadawalinsu ya saɓa.

Koren akwatunan da shafin GitHub ke nuna yawan aikin mutum da su, waɗanda kuke gasa da su, bar su kawai. Ba sa ƙirga komit da imel ɗinsa bai haɗu da asusunka ba, kuma squash, wato haɗe komit da yawa wuri guda, yana dunƙule aikin mako guda ya zama ɗaya. Mutum mai imel biyu, mutum biyu ne a wajen ƙirgar Git sai an rubuta .mailmap, fayil ɗin da ke gaya wa Git cewa mutum ɗaya ne.

Wanda na fi yarda da shi git bisect ne, don shi gwaji yake sa ka yi. Ka ba shi komit da ka tabbata lissafi daidai yake a kansa, da wanda ya lalace, ya riƙa raba tsakani. Komit 1000 gwaji kamar 10 ya ishe su. Ka fara rubuta gwajin da ke kama kuskuren, sayen kaya uku da ragi, ka ga ko jimillar sidi ta fito daidai. In ka ci karo da komit da ya ƙi tashi, ka yi skip ka tsallake shi, kada ka kira shi mai laifi. In ya fito da komit ɗin, karanta shi duka, sannan ku zauna da mai shi, ku biyu, ya faɗa maka abin da aka ce ya yi a ranar.