Na fara labari uku, ko ɗaya ban ƙarasa ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Gusau, kusan shekara biyu ke nan ina rubuce-rubuce a wayata. Na fara labari uku, amma kowanne da na kai shafi ashirin ko talatin sai in koma farko ina ta gyara, har labarin ya fita raina. Ɗaya ma na fara sakinsa a WhatsApp, da na tsaya mutane suka yi ta yi mini ƙorafi. Yaya zan yi in kammala littafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Taura biyu kika sa a baki, shi ya sa suka ƙi taunuwa. Zubo labari aiki ne daban, gyara shi kuma aiki ne daban, kowanne da lokacinsa. Magini ba ya tsayawa yi wa bango shafe alhali gini bai kai linta ba. Babin farkon nan da kike ta gogewa, ba za ki san abin da yake bukata ba sai kin rubuta na ƙarshe, kuma sau da yawa a ranar ce za ki ga ashe ma cire shi ya kamata a yi ɗungurungum.

Akwai dalilin da ya sa labaranki ke mutuwa a wuri guda. Yawancin masu farawa da fitowa ɗaya, wato aukuwa guda a cikin labari, suke shiga rubutu: an yi wa yarinya auren dole, ko saurayi ya buge budurwa da mota. Wannan guzurin shafi talatin ne kawai, daga nan sai a rasa inda za a dosa, sai gyara ya zama mafaka. Don haka kafin ki sake taɓa kowanne, ɗauki takarda ɗaya ki amsa wa kanki: me tauraruwar labarin ke nema, wa ya tare mata hanya, me za ta rasa in ba ta samu ba, a ina za a tsaya? Wanda kika iya faɗin ƙarshensa cikin ukun, shi za ki ɗauka. Sauran biyun su jira.

Sannan ki yanka wa kanki kalma 300 kullum, bayan sallar Asuba ko duk lokacin da gida ya yi shiru. Kwana ɗari, kalma 30,000 ke nan, littafi sosai. Ki riƙa tsayawa a tsakiyar fitowa, inda kin san abin da zai biyo baya, gobe ba sai kin yi dogon tunani ba. In kika iso wurin da ke bukatar bincike, misali yadda ake zaman kotun shari'a ko sunan wata cuta, sa alama ki wuce.

Batun WhatsApp kuwa, ra'ayina kada ki ƙara sakin ko shafi ɗaya sai kin kai ƙarshe. Na san akwai masu rubutawa yau su saki yau, har ana biyansu, to wannan sana'a ce ta wanda hannunsa ya faɗa. Ke da kike koyo, masu sharhi za su ƙwace miki linzami: wannan ta ce a saki kishiya, waccan ta ce kada a kashe wane, ke kuma ki bi don kada a fice. Abin da kika riga kika saki kuma ba ya gyaruwa.

In kin gama, ki ajiye shi wata guda ba ki leƙa ba. Karatun farko na wuƙa ne. Ki nemi gaishe-gaishen nan da ke cin rabin shafi, daga ina kwana har ya gajiya da ya mutan gida, ki bar layi ɗaya, sai fa in gaisuwar na ɗauke da wani abu, kamar suruka ta amsa a daƙile. Ki rage siffanta dogon hanci da gashi har gadon baya, da lissafin motoci da kulolin abinci. Mai karatu ya gani sau ɗari. Duk fitowar da za a cire labari bai girgiza ba, cire ta, ko da ita kika fi so.

Daga nan sai ki karanta da ƙarfi, kunne ya fi ido kama tuntuɓe. Nan za ki ji in kaka da jikarta 'yar jami'a da baki ɗaya suke magana. Ke da kike Gusau kina da arziki a nan: bar tsohuwar ta yi Zamfarancinta a cikin zance, ke kuma mai ba da labari ki tsaya kan daidaitacciyar Hausa. Ƙa'idojin rubutu su ne na ƙarshe, amma ba abin wasa ba ne. "Ya ɓata" daban, "ya ba ta" daban, in kika rubuta "yabata" kin bar mai karatu da canki-canki. Ki sa Hausa a allon rubutun wayarki, Gboard na da ɓ da ɗ da ƙ.

Kada kuma tsawo ya ruɗe ki. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da ya fito daga gasar rubutu da wani Bature, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933, ɗan ƙaramin littafi ne, har yau ana karanta shi. In kina son ɗanɗana yadda kammalawa take, gwada gajeren labari. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata ce, kuma wa'adin rufewa kan tilasta wa mutum ya sa aya.

Tunda a waya kike rubutu, duk dare ki tura wa kanki abin da kika rubuta ta imel. An taɓa zare mini waya a tasha da babi tara a ciki, ban da kwafi ko ɗaya, sai da na sake su daga ka.