Kafin ki sayi robar tauna da busa, duba kwanon yaron

Tambaya: Ɗana wata 14 gare shi, har yanzu kunu kawai yake sha a bibiro (kwalbar tsotso). In na ba shi abu mai gudaji sai ya yi kakari ya tofar. Na ga ana tallar robar tauna da 'yar busa a Facebook, wai suna ƙarfafa baki har yaro ya yi magana da wuri. In saya? Daga wata uwa a Garwa.

Amsa: 'Yar'uwa, riƙe kuɗinki tukuna. Robar tauna tana sanyaya wa yaro dasashi lokacin haƙori, amfaninta ke nan. Busa kuwa, masana gyaran magana ba su samu hujjar cewa tana koya wa yaro furta kalma ba. Tauna da tauna ake koyonta, magana kuma da ji da kwaikwayo.

Bibiron nan shi ya fi damuna. Mai tsotso, harshensa gaba da baya kawai yake yi, alhali tauna tana so harshe ya kai abinci gefe, muƙamuƙi ya niƙa, leɓe ya rufe. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga wata 6 a fara abinci tare da nono, ana ƙara masa kauri sannu a hankali, zuwa shekara ɗaya yaro ya shiga cin na gida.

Abin saye ƙaramin kofi ne marar murfi, da cokali mai faɗin baki marar zurfi. Sauran kuɗin ki kai kasuwa: ayaba, gwanda, kabewa, ƙwai, kifin Binuwai da aka tsince ƙayarsa tas. Ki dama kunun ya yi kaurin da ba zai zube daga cokali ba. Bayan 'yan kwanaki ki murƙushe dafaffen dankali da cokali, ki bar ƙananan gudaji. Ki zaunar da shi bayansa a miƙe, fuska da fuska, ki tauna yana gani, kina kiran sunan abin. Ya ɓata riga, ƙyale shi. Kakari kaɗan a farko ba abin tsoro ba ne, amma kada a yi masa ɗura, kuma gyaɗa guda-guda da dabino mai ƙwallo su yi nesa da shi.

In yana ƙwarewa duk lokacin da ya sha ruwa, muryarsa na gurgura bayan ci, ciwon ƙirji na dawowa, ko nauyinsa ya tsaya, ku tafi wurin likitan yara ba jira.

Tambaya: Jikata ta cika shekara 2, ba ta faɗin komai, yawu na zuba. An ce a kai ta wanzami ya cire mata beli. Daga wata kaka a Kusiri.

Amsa: Inna, don Allah kada a kai ta. Beli ba ya hana magana, cire shi kuwa na jawo zubar jini da shigar ƙwayar cuta, yarinya ta ƙi ci saboda zafi. A shekara 2 yawancin yara sun fara haɗa kalma biyu, don haka damuwarki tana kan hanya. A fara da gwajin ji, domin kunnen da ba ya ji sosai ko mai zubar ruwa yakan jinkirta magana. Kuɗin wanzamin a yi na mota da shi zuwa asibiti, a nuna wa likita zubar yawun, a kuma nemi ya haɗa ku da masanin gyaran magana da haɗiya.