Tambayoyinku: Na sayi tsohon injin gem na tseren mota a haraj (kasuwar gwanjo), ya zan haɗa shi da kwamfuta?

Tambaya daga Jidda: Salamu alaikum Injiniya. Na tsinci injin gem na Sega a Haraj Sawarikh, irin mai kujera da sitiyari da totur da birki, Daytona USA ce a jikinsa. Fanel ɗin gem ɗin ya mutu amma sitiyari da giya lafiyarsu ƙalau. So nake na saka kwamfuta a ciki na riƙa bugawa da emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon injin gem ɗin a kwamfuta, kuma sitiyarin ya riƙa fizga yana turjewa kamar yadda yakeyi da. Zai yiwu?

Wa alaikumus salam ɗan uwa, zai yiwu mana. Amma ka raba aikin gida biyu tun yanzu dan mutane suna haɗasu su rikice. Akwai kwamfuta taji abinda hannunka da ƙafarka sukeyi, wannan mai sauƙi ne. Akwai kuma kwamfuta ta bawa moton sitiyari umarni, nan ne gumin yake.

Na farkon. A bayan sitiyarin akwai bolum, irin dai na tsohuwar rediyo, mai ƙafa uku, na Sega yawanci mai ohm dubu biyar ne (5k), haka totur haka birki kowanne da nasa. Ƙafa ɗaya wuta 5V, ɗaya ƙasa, ta tsakiya ita ke faɗin inda ka murɗa. Abinda kake buƙata ƙaramin fanel ne da zai karanta wannan ya nunawa Windows kamar hannun gem ne aka jona ta USB. Arduino Leonardo yana yi tunda cif ɗinsa ATmega32U4 ne, kwamfuta na ganinsa kai tsaye, yana karanta murɗawar daga 0 zuwa 1023. A-PAC na Ultimarc ma yana yi in baka son rubuta kod. Kar dai ka ɓata riyal ɗinka akan waɗannan masu arha da ake cewa Zero Delay, su maɓalli kawai suka sani, ko an danna ko ba'a danna ba, basu san rabin totur ba. In ka gama ka rubuta joy.cpl a Windows ka murɗa sitiyari a hankali kaga layin na tafiya sumul, in yana tsalle bolum ɗin ya ci ƙura ko ya cinye, canza shi kawai.

Toh sai moto. Kafin ka sayi komai buɗe bayan dashbod ka duba wane iri ne, dan ba ɗaya bane duka. Daytona ta 1994 akan fanel ɗin gem na Sega mai suna Model 2 take, motonta na wutar AC 100V ne kuma da kuloci a tsakaninsa da sandar sitiyari, kulocin ne ke kama da ƙarfi ko ya saki gwargwadon abinda ke faruwa a titi. Na bayanta irinsu Scud Race ta 1996 da Daytona USA 2 ta 1998 akan Model 3 suke, su moton servo ne mai fanel ɗinsa daban. Dukansu akwai wani fanel da ke tuƙa moton, shi fanel ɗin gem wasu wayoyi takwas yake tura masa lamba ta cikinsu, wannan lamba na nufin ja hagu da ƙarfi kaza, waccan na nufin girgiza, waccan dawo tsakiya. Kaga kenan in fanel ɗin moton yana raye, aikinka shine ka samu abinda zai riƙa tura masa lambobin a madadin mataccen. Akwai manhaja BackForceFeeder da akayi musamman dan haka, tana aiki da Arduino da vJoy, manhajar da ke nunawa Windows kamar an jona hannun gem, ta ɗauko umarnin daga emuleta ta miƙa. Emuletan Daytona ta farko shine Model 2 Emulator, na Model 3 kuma Supermodel.

Ni shawarata kar ka yarda wani mai gyara ya ce maka a ciro kayan Sega a zubar a dasa sitiyarin Logitech. Zai yi aiki kam, cikin yamma ɗaya ma, amma ƙananan moto-moton da ke cikinsa ba zasu taɓa baka wannan fizgar da in ka daki bango kafaɗarka ke ji ba, kuma ai dan ita ka ɗauko wannan ƙaton abu ka hau dashi bene. In fanel ɗin moton ne ya mutu gaba ɗaya sai a koma ɗaya hanyar, a saka moton DC da fanel ɗin tuƙa moto BTS7960 da Arduino mai manhajar da zata sa Windows ta ɗauke shi sitiyarin zamani, sai a haɗa da FFB Arcade Plugin, manhajar da ke miƙa fizgar gem ɗin ga irin wannan sitiyarin.

Maganar wuta kuma dan Allah kar kayi wasa. Kayan ciki 100V suke ci irin na Japan, akwai taransifoma a ƙasan injin da ke saukewa, nan Saudiyya kuma 230V ne, wasu tsofaffin gidaje har yau akwai soket ɗin 127V, saboda haka ka auna da mita ka duba akan nawa aka ɗaura taransifomar kafin ka jona. Ranar gwajin farko ka rage ƙarfin a manhaja sosai, hannu kusa da makunni, kuma kar ka zura yatsu a cikin sitiyarin. In hagu da dama suka juye, maimakon ya dawo tsakiya sai ya kwasa da gudu ya daki ƙarshe, yana iya targaɗa hannu ko ya fasa haƙoran bolum. Yara su tsaya nesa.

Tambaya daga Makka, Shari' Mansur: Malam na haɗa nawa komai na yi sai giya, in na saka ta uku sai ya nuna wata daban.

Giyar Daytona huɗu ce amma makunnan cikinta uku ne, haɗuwarsu ce ke nuna wace giya kake, ba kowace giya da nata ba. Kai ka jona su kamar maɓallai zalla shi yasa. Ka saka kowace giya ka rubuta waɗanne makunnai suka danne, sai ka gyara kod ɗin Arduino ya fitar da maɓalli huɗu daban daban, sannan ka koma saitin emuleta ka sake nuna masa su.

Tambaya daga Madina: Allon talabijin ɗin ciki fa, zan iya jona shi da VGA?

Kai tsaye a'a. Allon Model 2 da Model 3 24kHz yake karɓa, kwamfuta kuma 31kHz take fitarwa zuwa sama, in ka tura masa haka hoto zai hargitse kuma kana iya ƙona fanel ɗinsa. Ana yi da katin hoto na Radeon da manhajar CRT Emudriver a sauko da shi zuwa 24kHz. In allon ya riga ya dushe saka LCD mai 4:3 ka huta. Bayan kwalbar tsohon allon kuwa akwai wuta sama da volt dubu ashirin kuma tana iya zama ko an cire soket, wannan ka kira tsohon mai gyaran talabijin ya sauke ta kafin ka kai hannu wajen.