Sayen kason masaukin hutu daga hannun wani

Malam, ka tambayi tsawon lokacin da ake ɗauka kafin kason Disney Vacation Club (tsarin kamfanin Disney na mallakar kaso a masaukan hutunsa) da ka saya daga hannun wani ya zama naka. Ka ƙaddara wata 2 zuwa 3.

Bayan kai da mai sayarwa kun sa hannu, dillali zai miƙa yarjejeniyar ga Disney, su kuwa suna da kwana 30 su ga ko za su karɓe cinikin da kansu a farashin da kuka daidaita. In sun karɓe, ka koma neman wani. In sun bari, sai a bincika ko mai sayarwa na da bashin kuɗin kula da masaukin, ka biya kuɗin cinikin, a yi rajistar takardar mallaka. Buɗe maka asusu a wurin Disney, wanda da shi za ka kama ɗaki, shi ma yakan ci makonni. Kada dai ka yanki tikitin jirgi tukuna.