An Kai Ƙarar Maigidana Likita, Ya Daina Barci

Tambaya: Barista, maigidana likita ne. Dangin wata mara lafiya da ta rasu a hannunsa sun kai ƙara hukumar da ke ba likitoci lasisi, an aiko masa da takarda ya kare kansa. Tun ranar ba ci ba barci, sai cewa yake aikinsa ya ƙare. Ina mafita?

Amsa: Hajiya, Allah Ya kawo sauƙi. Takardar nan farkon bincike ce, ba a yanke masa komai ba. Rasuwar mara lafiya ita kaɗai ba ta tabbatar da sakaci. Abin da ake aunawa shi ne ko ya yi abin da ƙwararrun likitoci masu hankali za su amince da shi a irin halin da ya samu kansa. Wannan ma'auni ya fito daga shari'ar Bolam ta 1957 a Ingila, ƙasashe da dama kuma sun ɗauke shi.

Ya duba wa'adin amsa da ke jikin takardar tun yau. Kada ya rubuta ko layi ɗaya kafin ya sanar da kamfanin inshorar aikinsa ko ƙungiyar likitoci, ya kuma zauna da lauya. Amsar da aka rubuta cikin ɗimuwa ita ce ake karanto wa mutum ranar zama, kuma tana iya bin sa har kotu idan dangin suka nemi diyya.

Inda likitoci suka fi halaka kansu shi ne fayil ɗin mara lafiya. Mutum ya ga ya manta bai rubuta lokacin da ya ba da allura ba, sai ya koma ya cusa. Kwamfutar asibiti na ajiye sunan wanda ya taɓa fayil da lokacin da ya taɓa, na takarda kuwa wataƙila an riga an ɗauki kwafinsa. Kuskuren aiki yakan ƙare da gargaɗi ko ƙarin horo, amma gyaran fayil ha'inci ne, shi ke cin lasisi. Abin da ya tuna ya rubuta a takarda daban, da kwanan wata, ya miƙa wa lauyansa kawai. Kada ya nemi dangin don sulhu a ɓoye, kada ya ce uffan a Facebook. Ke ma kada ki matsa ya ba ki bayanin mamaciyar, sirrinta na nan a wuyansa.

Batun rashin barci kuwa kada ki ɗauke shi da wasa. Rahoton da hukumar likitocin Birtaniya ta fitar a 2014 ya nuna likitoci 28 sun kashe kansu, ko ana zaton sun kashe kansu, suna tsakiyar bincike daga 2005 zuwa 2013. Maigidanki ya je ya ga wani likita daban, kada ya rubuta wa kansa maganin barci. Idan lafiyarsa ba za ta bar shi ya amsa kan lokaci ba, lauya zai nemi ƙarin wa'adi a rubuce tare da shaidar likita, kafin wa'adin ya cika. Idan kuma kika ji yana cewa gara mutuwa, ko ya fara rarraba kayansa, ki kwashe magungunan gidan, kada ki bar shi shi kaɗai, ki kai shi asibiti a ranar.