Amsa ga mai tambaya kan filin bayan gida: kar ki bari a shafe shi duka

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na karanta tambayarki, cewa kun tare a sabon gida, akwai ɗan fili a bayan ɗakuna, maigida yana so a shimfiɗe shi da intalok a huta, ke kuma ranki yana son itatuwa da furanni amma kina tsoron wahala da sauro da macizai. Na ga har wasu sun ce miki ki rabu da jidali, mangwaron kasuwa ya fi arha.

Ta wani gefen gaskiya suka faɗa. In riba kike nema, wallahi babu. Da zan lissafa kuɗin ruwan da na saya wajen 'yan garuwa a shekarun farko, da ya ishe ni sayen mangwaro kwando-kwando. Amma shekarata 13 ke nan da ɗan lambuna a bayan gida, nan bayan garin Kano, kuma da za a ce in zaɓa tsakaninsa da falona, sai dai a ɗauke kujerun.

Bari in fara da wautar da na yi, don kar ki maimaita. Zumuɗi ya kwashe ni, na sayo dashe 11 rana ɗaya, a watan Maris, tsakiyar zafin bazara. Kafin ruwan farko ya sauka 7 sun bushe. Mangwaron da ya tsira kuwa, mai sayarwa a bakin titi ya rantse min ɗan aure ne, na zauna jira shekara 7 cur, da ya tashi haihuwa sai ga 'ya'ya ƙanana duk zare. Yana nan har yau, inuwarsa muke ci. Saboda haka in za ki sayi mangwaro ko lemo, ki tsuguna ki duba gindin da idonki. Ɗan aure yana da tabo a jikin karan inda aka haɗa shi, wani lokaci ma da ledar ɗaurin a jiki. In babu tabo, daga ƙwallo aka tsiro shi, komai rantsuwar mai shi. Na aure yakan fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4. In kina da mai zuwa wajen Bagauda, akwai reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa a can, ya tambayo miki. Kuma wajen dasawa kar ki binne tabon nan, ya zauna sama da ƙasa, duk reshen da ya tsiro a ƙasansa ki cire shi, don na uwar gindin ne, zai shanye ƙarfin auren.

Ki jira damina ta zauna, wajen watan Yuni zuwa farkon Yuli, sannan ki dasa. Ramin kuwa tun yanzu za a haƙa, faɗi da zurfi kamar kamu ɗaya da 'yan kai, a cakuɗa ƙasar sama da takin da ya ruɓe. Na ce wanda ya ruɓe fa. Ɗanyen kashin kaji wuta ne, ni ya taɓa ƙone min lemon tsami cikin kwana huɗu.

Kin tambaya wanne za ki fara da shi. Gwanda. Ita ce mai share hawayen sabon shiga, ba ta cika shekara ba za ki ci. Sai dai akwai namiji, wanda furensa ke fitowa a dogon sili yana reto, ba ya 'ya'ya. Ki shuka uku ko huɗu kusa da juna, in sun yi fure ki rage, ki bar namiji ɗaya. Ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi, ruɓewa take. Bayanta sai gwaba da rumman da lemon tsami, dukkansu ba sa cin wuri, kuma suna jure zafinmu. Zogale kuwa ba a ma sa shi a lissafi, ki soka reshe a jikin katanga ki manta. Mangwaro ɗaya ya ishe ki, binta siga ko paparanda, duk wanda bakinki ya fi so, amma ya yi nesa da gini da sokawe da aƙalla mita 5. Dabino ki bar wa masu fili, sai da namiji da mace, sai an hau an yi masa barbara da hannu.

Maganar da ta fi duk wannan ita ce ruwa. Daga Oktoba har Mayu kusan ke ce ruwan samansu. Kafin ki sayi ko ɗaya, ki zauna ki lissafa jarka nawa za ki iya bayarwa kullum a watan Afrilu, ranar da babu wuta, bohol bai tashi ba. Adadin nan shi ne adadin itatuwanki. Ni dabarata, na mayar da wurin alwalar gidan gindin lemo, mutum bakwai sau biyar a rana ba ƙaramin ruwa ba ne. Ruwan wankin shinkafa da na kayan miya duk can yake tafiya, na omo ne kawai ba na zubawa. Sannan na binne tsohon tulu kusa da rumman, bakinsa kaɗai a waje, in na cika na rufe sai ya yi ta tsattsafowa a hankali kwana biyu ko uku. Wannan daga wajen kakata na gani.

Gara ita ce babbar abokiyar gabana. Tana bin busasshiyar ciyawar da ake rufe gindi da ita, don haka ki bar tazarar tafin hannu tsakanin ciyawar da karan, ki riƙa barbaɗa toka. Ta biyu akuya. Wata shekara maigidan ya kawo ragon layya kwana uku kafin sallah, aka ɗaure shi a bayan gida. Da asuba na fito da buta, na tarar ya tsinke igiya, yana tsaye a kan rummana yana tuƙa, ya kalle ni ko gezau. Reshe biyu ya bar min. Na zauna a bakin rijiya na yi kuka kamar yarinya, yara suna ta dariya. Rumman ɗin dai ya sake tohowa, ragon kuwa mun haɗu da shi a tukunya.

To ina daɗin yake? Ban san yadda zan kwatanta miki ba sai kin gani. Cikin hunturu, sanda gari ya yi fari fat da ƙura, komai ya bushe, a lokacin mangwaro yake fure, ƙudan zuma su cika shi da ƙugi tun hantsi. Lemo in ya yi fure kuwa, bayan magariba ƙamshin har ɗaki, ba turaren wutar da ya kai shi. Na kan fito bayan sallar asuba da kofin shayi in zaga su ɗaya bayan ɗaya: wannan ya fid da sabon ganye ja-ja, wancan furensa ya ƙulla, ga kurciya ta yi sheƙa a gwaba da ƙwai biyu. Minti ashirin ne, amma duk abin da na kwana da shi a rai nan yake sauka. Ranar da na yanka gwandata ta farko kasa ci na yi ni kaɗai, sai da na aika wa maƙwabta yanki-yanki a faranti.

Ki shirya kuma, ba ke kaɗai za ki ci ba. Jemagu na da rabonsu a gwaba cikin dare, tsuntsaye da rana, yaran unguwa kuma da jifa ta kan katanga. Da na yi ta faɗa da su, har suka fasa min gilashin taga. Daga baya na tuna hadisin nan da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa duk musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi. Sai na ce su riƙa sallama su shigo ranar Juma'a. Jifan ya ragu, bai ƙare ba.

Furanni kuwa kar ki wahalar da kanki da wardi, shagwaɓa gare shi, zafin Kano ba ya masa daɗi. Ki nemi mai ƙayar nan da ke hawa katanga, bogambiliya, wadda ta fi yin fure in an rage mata ruwa. Ki sa lalle, furensa ƙanana ne amma ƙamshi gare shi, ga ganyen kin samu. Na'ana'a da ɗoɗɗoya a tsofaffin bokitai da aka huda ƙasansu sun wadatar.

Sauro a ruwan da ya kwanta yake haihuwa, ba a ganye ba, ki dai kife duk wata roba da gwangwani. Maciji kuma tarin shara da bulo da ɓeraye yake bi. Mai share gindin itatuwanta da wuya ta gan shi, ni sau ɗaya na taɓa gani, shi ma a cikin ragowar bulon gini.

Shi kuma maigida kar ki ja da shi. Ki ce a yi intalok ɗin a hanya da wajen shanya, a bar miki ramuka huɗu kawai da ɗan zirin ƙasa a jikin katanga. Nawa haka ya yi ta mita a farko, yanzu shi ke ƙirga rumman a bishiya, in ɗaya ya ɓace sai an yi shari'a a gidan.

Ki gaya min ta ina rana take faɗo wa filin, da inda sokawenku yake, sai in ce miki ga inda mangwaron zai zauna. Kafin nan ki sa a samo miki kashin awaki buhu biyu, a juye a lungu, ki riƙa yayyafa masa ruwa, zuwa Yuni ya ruɓe.